Tumakin Dorper: kada ka zuba ribar bana gaba ɗaya

Tambaya: Ni ɗan kasuwar hatsi ne a Dawanau, ina da ɗan fili a ƙauye. Na ga ana tallar tumakin Dorper a Facebook, wai suna da juriya da saurin girma. Ina so in kwashe ribar bana in sayi tunkiya biyar da rago ɗaya. Mene ne shawararku?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Juriyar gaskiya ce. A Afirka ta Kudu aka samar da Dorper cikin shekarun 1930, da aka haɗa Dorset Horn na Ingila da wata tunkiya mai baƙin kai 'yar asalin Somaliya, musamman don ƙasa mai ƙarancin ruwa. Ba ya zaɓen ciyawa, kuma in ya ƙoshi tunkiyar kan haihu sau uku cikin shekara biyu.

To amma wa za ka sayar wa? Dorper gajere ne, curarren nama, yawancinsa ba ƙaho. Mai neman ragon layya kuwa tsayi da ƙaho da kwarjini yake biya wa kuɗi, shi ya sa Balami da Uda ke cin kasuwar Babbar Sallah. Naka mai sayen mahauci ne, da masu otal, da masu neman iri. Ka same su ka ji farashinsu tun kafin ka fitar da ko sisi.

Ni dai da rago ɗaya zan ce ka fara, ka sa shi cikin Yankasa kamar goma masu lafiya. 'Ya'yan za su ɗauko nama daga uba, su ɗauko sabo da ƙasarmu daga uwa. Wannan sabon ba ƙaramin abu ba ne, domin damina ce ke kayar da Dorper: tsutsar ciki na kama shi fiye da namu na gida, laima kuma tana ruɓar masa da kofato. Ka yi garke mai busasshen daɓe, ka keɓe sabon ragon mako uku, likitan dabbobi ya yi wa duka rigakafin PPR, wato wata annobar tumaki da awaki. Kada ka biya kuɗi kan hoto. Je ka duba haƙoransa da iyayensa, don ruwa biyu ake yawan sayarwa da sunan tsantsa. Kafin 'ya'yansa mata su isa barbara, ka musanya shi.

Ragowar kuɗin ka sayi harawa da dusa da kaka, lokacin da suke araha, ka ajiye wa bazara.