Amsa: Akwai wanda ya taɓa zarcewa a kujerar Sanatan Kano ta Tsakiya?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko akwai sanatan da ya ci wannan kujera sau biyu a jere tun 1999. Babu ko ɗaya.

Ibrahim Kura Mohammed na PDP ne ya fara hawa a 1999. Guguwar ANPP ta 2003 ta kawo Rufa'i Sani Hanga, a 2007 kuma Mohammed Adamu Bello ya gaje shi a jam'iyya ɗaya. Bashir Garba Lado ya dawo wa PDP da kujerar a 2011, sai Kwankwaso ya kayar da shi a 2015 ƙarƙashin APC. A 2018 Kwankwaso ya koma PDP, Malam Ibrahim Shekarau ya shigo APC, kamar sun yi musayar ɗaki, Malam ya ci zaɓen 2019.

Na 2023 ne mai ban mamaki. Shekarau ya shiga NNPP a 2022, ya karɓi tikiti, bayan 'yan watanni ya fice zuwa PDP, amma sunansa bai fita daga takardun INEC ba. Jama'a suka dangwala wa kwandon kayan marmari, alamar NNPP, aka sanar da Malam a matsayin wanda ya ci, alhali ya bar jam'iyyar. Sai da Kotun Ƙoli ta yi hukunci a watan Maris aka ba Hanga, wanda NNPP ta maye gurbin Malam da shi, shekara ashirin bayan cinsa na farko.

A ganina girman mazaɓar ne dalili: ƙananan hukumomi 15, daga Fagge da Dala har Warawa da Garun Malam. Wa zai iya gamsar da wannan jama'a duka?