Tsakaninka da Yayanka, Wa Zai Fara Takawa?

Ɗana,

Saƙonka ya same ni lafiya. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa, sai da na yi kwana uku ina juya maganar a raina ina addu'a, domin ta taɓa mini wani tsohon miki.

Ka ce shekara 2 ke nan ba ku magana da yayanka, tun ranar da ya yaɓa maka baƙar magana a gaban mutane lokacin rabon abin da mahaifinku ya bari. Ka ce duk wanda ka kai wa kuka sai ya ce kai ne ƙarami, a al'ada ƙarami ne yake zuwa ya ba da haƙuri ko da shi ne mai gaskiya. Kana so ka sani ko wannan koyarwar Almasihu ce, ko kuwa hanyar danne na ƙasa ce kawai. Sannan ka ce in ka je ka ba da haƙuri a kan laifin da ba ka yi ba, ashe ba ƙarya ka yi ba?

Al'adar tana da tushe, kada ka raina ta. Littafin Firistoci 19:32 ya ce a miƙe tsaye a gaban mai furfura. Bulus ya gargaɗi Timoti kada ya tsauta wa dattijo da zafi, sai dai ya roƙe shi kamar uba. Bitrus ma, a wasiƙarsa ta fari 5:5, ya ce samari su yi biyayya ga dattawa. Amma masu jefa maka wannan magana a rabin aya suke tsayawa. Ka buɗe ka karanta da kanka. A cikin ayar nan guda, bai ko sauke numfashi ba, ya ce dukanku ku yafa tawali'u kamar riga a zamanku da juna, gama Allah yana gāba da masu girman kai, yana ba masu tawali'u alheri. Dukanku ya ce. Da ƙarami da babba.

Da ka zo kan Ubangiji Yesu kuwa, sai ka ga bai bar wa kowa wurin fakewa ba. A Matiyu 5:23-24 ya ce in ka kawo baikonka gaban bagade, ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka ajiye baikon a nan, ka je ku shirya tukuna, sannan ka dawo. Wannan mai laifi ke nan, an ce ya je. A Matiyu 18:15 kuma ya ce in ɗan'uwanka ya yi maka laifi, ka je ka nuna masa, kai da shi kaɗai. Wannan wanda aka yi wa laifi ke nan, shi ma an ce ya je. Ka duba wuraren biyu da kyau, ba a tambayi shekarun kowa ba. Wanda abin ya fara damun zuciyarsa, shi aka aika. Kai kuwa ga shi ka rubuto mini doguwar wasiƙa da tsakar dare, ai ba sai na gaya maka zuciyar wa ta fara damuwa ba.

Kada ka ɗauka ina wanke yayanka ne. A Littafi Mai Tsarki sau da yawa babba ne yake fara sunkuyawa. Lokacin da makiyayan Ibrahim da na Lutu suka yi rikici a kan wurin kiwo, Ibrahim ne babba, shi ne matsayin uba, shi Allah ya yi wa alkawarin ƙasar. Duk da haka shi ya fara buɗe baki, ya ce kada husuma ta shiga tsakaninmu, ai mu 'yan'uwa ne, ka zaɓa, in ka yi hagu ni in yi dama. Yana Farawa sura 13. Uban nan na Luka 15 ma, da ya hango ɗansa daga nesa bai zauna yana jiran a zo a durƙusa masa ba, ya sheƙa da gudu ya rungume shi. Abin da mutane suke mantawa shi ne, a ranar sau biyu uban ya fita. Da babban ɗan ya yi fushi ya ƙi shiga gida, uban ya sake fitowa yana lallashinsa. Ubangiji kansa a daren da za a bashe shi ya tuɓe mayafi, ya yi ɗamara da tawul, ya wanke ƙafafun almajiransa, har da na Yahuza. Shi ya sa ake cewa babba juji ne. Wannan rabon yayanka ne, kuma zan gaya masa baki da baki, ba zan rage komai ba. Amma yau kai ka tambaye ni, naka zan ba ka.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Kana yaro lokacin, wataƙila ka lura ba na zuwa gidan marigayi ƙaramin kawunka, shi ma ba ya zuwa nawa. Shekara 9 muka yi haka. Abin da ya haɗa mu bai kai naku ba ma, wani bashi ne da wata magana da aka kawo mini cewa ya faɗa. Ni ne babba, sai na zauna a kan al'adar nan daram. Duk wanda ya yi mini magana in ce ai ya san hanyar gidana. Ina zuwa sujada, ina cin Jibin Ubangiji, ina faɗin "ka gafarta mana laifofinmu kamar yadda muke gafarta wa masu yi mana laifi", bakina bai taɓa rawa ba. A ganina mutuncina nake karewa. Girman kai ba ya zuwa da sunansa, ɗana. Yakan zo da sunan mutunci, ko gaskiya, ko "don kada a raina ni". Karin Magana 13:10 ta ce shi ne yake haifar da husuma, ni kuwa na karanta ayar ba sau ɗaya ba, kullum ƙanena nake gani a cikinta.

Sai da mahaifiyarka ta zo ta ce mini jikinsa ya yi tsanani sannan na tashi. A hanya ina ta shirya abin da zan faɗa, yadda zan nuna na yafe ba tare da na sauko ba. Na shiga ɗakin na same shi kwance, ya rame har zoben hannunsa yana juyawa a yatsa. Ya dube ni, ya ce, "Yaya, ka zo?" Sai ya janye ƙafafunsa a hankali ya buɗe mini wuri a bakin gado. Duk jawabin da na shirya ya bi iska. Can ya ce mini sau biyu yana zuwa har ƙofar gidana, ya tsaya, ya juya, domin yana tsoron in kore shi a gaban 'ya'yana. Ni ina ciki ina jiran ya zo, shi yana waje yana tsoron shiga. Wata 4 muka samu bayan haka. Na gode wa Allah saboda su, amma har yau in na ƙirga 9 da 4 ɗin nan sai barci ya ƙaurace mini. Girman kai rawanin tsiya ne, ni na naɗa shi, na san nauyinsa.

Yanzu tambayarka ta biyu, wadda na fi ganin darajarta. A'a, ba a ce ka yi ƙarya ba. Tawali'u ba ya nufin ka amsa laifin da ba ka yi ba, sulhun da aka gina a kan ƙarya kuwa damina ɗaya ba zai kai ba. Yesu ya ce a Luka 17:3, in ɗan'uwanka ya yi zunubi ka tsawata masa, in ya tuba ka yafe masa. Wato faɗin gaskiya yana cikin aikin.

Yusufu nake so ka zuba wa ido, domin shi ne ya fi kama da kai. Ƙane ne, kuma shi aka zalunta. Yana ɗan shekara 17 yayyensa suka sayar da shi, sai bayan wajen shekara 22 ya bayyana musu kansa a Masar, lokacin duk ikon yana hannunsa. Ka lura da abin da ya fara yi a Farawa 45: ya sa aka fitar da kowa daga ɗakin, ba baƙo ko ɗaya da ya ji kunyar 'yan'uwansa. Sannan ya ce su matso kusa. Sannan ya ce, ni ne Yusufu ɗan'uwanku wanda kuka sayar zuwa Masar. Bai ce ba komai ba. Bai ce shi ne da laifi ba. Ya kira abin da sunansa, yana kuka, hannunsa a buɗe. Bayan rasuwar Yakubu ma, shekara 17 da zuwansu Masar, da suka sake tsorata ko zai rama, ya ce musu kun nufe ni da mugunta amma Allah ya nufe shi da alheri. Gaskiya da gafara a baki ɗaya.

To haka za ka yi. Ka je kai kaɗai, lokacin da ba mutane. Ka fara da naka rabon, domin kana da shi ko da kaɗan ne. Abin da ka mayar masa a ranar, na ji labari, bai yi daɗi ba. Shekara 2 ka ɗauke ƙafa, matarsa ta gaishe ka ka kawar da kai, 'ya'yanku da suka tashi tare yanzu suna kallon juna kamar baƙi. Waɗannan naka ne, ba ƙarya a cikin neman gafararsu. Ka faɗe su ka yi shiru, kada ka liƙa musu "amma". Da zarar ka ce "na yi kuskure amma kai ma", ka kwashe abin da ka ajiye. In ya saurara, ka ce masa, Yaya, maganar da ka faɗa mini a gaban mutane ta yi mini ciwo, har yau ina jin ta. Shi ke nan. Maganar gado kada ta fito a ranar. Tana da lokacinta, kuma Matiyu 18:16 ya ba ka damar ɗaukar mutum ɗaya ko biyu in abin ya ƙi. Ka dai tuna, da wani ya ce wa Yesu ya sa ɗan'uwansa ya raba gado da shi, Yesu ya ƙi zama alƙalinsu, gargaɗi ya yi a kan kwaɗayi. Ka binciki zuciyarka a kan wannan kafin ka fita.

Abin da ba na so shi ne irin sulhun da dangi suke ɗaurawa, a tara ku, a ce ku gaisa, kowa ya miƙa hannu fuska a murtuke, a watse ana cewa an gama. Sarki Dawuda ya yi irinsa da ɗansa Absalom. Bayan Absalom ya kashe ɗan'uwansa Amnon saboda ya ci mutuncin ƙanwarsu Tamar, ya gudu ƙasar Geshur shekara 3, aka dawo da shi Urushalima, ya ƙara shekara 2 bai ga fuskar mahaifinsa ba, sai da ya sa aka cinna wa gonar Yowab, shugaban sojojin sarki, wuta kafin a kai shi gaban sarki. Sarki ya sumbace shi, amma ba mu ji sun zauna sun buɗe cikinsu ba, ba maganar Tamar, ba maganar Amnon. Sura ta gaba, 2 Sama'ila 15, Absalom ya fara sace zukatan jama'a. An rufe miki da ruɓa a ciki.

Yana yiwuwa ka je ya ƙi karɓarka. Karin Magana 18:19 ta ce ɗan'uwan da aka ɓata wa rai ya fi birni mai garu wuyar ci. Shi ya sa Bulus ya ce a Romawa 12:18, in mai yiwuwa ne, iyakar abin da yake hannunku, ku zauna lafiya da kowa. Gafara tana hannunka kai kaɗai, sulhu kuwa sai da mutum biyu. In ya rufe ƙofa ka dawo gida, ka ci gaba da gaishe shi in kun haɗu, ka bar 'ya'yanka su je wurin nasa, bayan wani lokaci ka sake komawa. Da a ce mai dūka ne ko mai barazana ga ranka, da wata shawara dabam zan ba ka, domin yafewa ba ta tilasta wa mutum ya koma inda za a cuce shi. Yayanka ba haka yake ba. Na san shi tun yana rarrafe, zafin baki gare shi da kunyar janye magana, kuma ina kyautata zaton abin yana cin sa fiye da yadda yake nunawa.

Mahaifiyarku ba ta ce maka komai, amma ni tana gaya mini. Duk sanda ɗayanku ya zo gaishe ta sai ta riƙa kallon ƙofa, tana fargabar ɗayan ya shigo. Ta yi wannan kallon tsakanina da ƙanenmu shekara 9, yanzu kuma tana yin sa tsakanin 'ya'yan cikinta.

Ka sanar da ni ranar da ka tsayar, zan ware safiyar in yi muku addu'a. Shi kuma zan neme shi cikin makon nan, ba zan ce ka rubuto mini ba. Ka gaishe mini da mai ɗakinka da yara.

Kawunka