An ce idona lafiya lau, amma ba na ganin abin da ke gefena

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekarata 34, ina zaune a Mabera cikin garin Sakkwato. Kusan wata takwas ke nan ina karo da ƙofa idan zan shiga ɗaki, kwanan baya ma saura kaɗan ɗan kabu-kabu ya kwashe ni don sam ban ga tahowarsa ba. Sau biyu ana canza mini gilashi, an ce babu yana, babu hawan jinin ido. Kaina yana yawan ciwo, al'adata ta ɗauke, kuma ruwan nono yana zubo mini alhali na yaye yarona shekara uku da suka wuce. A gida an fara cewa iska ce. Me ke damuna?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Allah ya ba ki lafiya. Na ji daɗi da kika haɗa maganar al'ada da nono cikin tambayar ido, domin mata da yawa kunya takan hana su faɗa, alhali a nan bakin zaren yake.

Mai yiwuwa waɗanda suka ce idonki lafiya lau gaskiya suka faɗa. Aikin ƙwayar ido ɗaukar hoto ne, sai jijiyar gani, wadda ke ɗauke da zaruruwa sama da miliyan 1, ta kai saƙon can ƙeyar ƙwaƙwalwa inda ake fassara shi. Idan matsalar a kan hanya take, ko gilashi goma aka canza ba za a ga bambanci ba.

Jijiyoyin idanun biyu suna haɗuwa a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, a wata mararraba inda kusan rabin zaruruwan ke tsallakawa ɗaya ɓangaren. Waɗanda ke tsallakawar su ne masu kawo ganin gefen waje na kowane ido. Daf da ƙasan mararrabar kuma akwai wata 'yar halitta da ba ta wuce ƙwayar wake ba, ana kiran ta fitutari, ita ke ba da umarnin al'ada da samar da nono da wasu ayyukan jiki. Idan ƙari ya fito mata ya girma, musamman ya wuce milimita 10, sai ya tokare mararrabar daga ƙasa. Mutum yana karatu daram, yana zura zare a allura, amma dama da hagunsa sun rufe. Wani nau'in ƙarin yana zubo sinadarin furolaktin fiye da kima, shi ne mai ɗauke al'ada ya kawo ruwan nono. Abin da nake zargi ke nan a wajenki, amma zargi ne har sai gwaji ya tabbatar.

Kada kalmar ƙari ta tayar miki da hankali. Kusan dukkan irin wannan ba ciwon daji ba ne.

Ki gwada wannan a gida yau. Ki zauna fuska da fuska da maigida ko 'yar uwarki, ki rufe ido ɗaya da tafin hannu, ki kafe ɗayan a kan hancinta, ita kuma ta riƙa kawo yatsa daga can gefe tana motsa shi. Ki lura inda kika fara hango shi. Sannan ki ɗauki jan murfin kwalba ki kalle shi da kowane ido daban. Idan a ɗaya ya yi ja wur, a ɗayan kuma ya koɗe kamar tsohon zane, jijiya ce ke kuka.

A asibiti, abin da nake so a yi miki shi ne gwajin faɗin gani da na'ura, wanda kike danna maɓalli duk lokacin da ɗigon haske ya bayyana. Taswirar da yake fitarwa ita ke nuna mana inda ɓarnar take. Idan gefen waje na idanun biyu ne ya tafi, mararraba ce. Idan ɓangare guda ne a duka biyun, dama da dama ko hagu da hagu, matsalar tana bayan mararraba, kamar yadda ake gani bayan shanyewar ɓarin jiki. Hawan jinin ido shi ma yana cin gefe, har ma a wanda awonsa ya fito daidai, sai dai tasa taswirar daban ce. Za a kuma haska tocila a idanun bi da bi, a leƙa kan jijiyar a ga ko ta yi fari, a yi gwajin ciki, a auna furolaktin da sinadarin maƙoshi a jini, sannan a ɗauki hoton MRI na kai. Ki tafi da duk magungunan da kike sha, don wasu magungunan amai da na taɓin hankali suna ɗaga furolaktin. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo yana da sashen ido da na tiyatar ƙwaƙwalwa, ki fara da na idon, ki faɗa musu komai yadda kika faɗa mini.

Idan ya tabbata mai furolaktin ne, sau da yawa ƙwaya kawai ake sha, kabagolin ko buromokiriftin, ƙarin ya motse, gani ya buɗe, al'ada ta dawo. Ciki ma yana iya shiga, don haka ki tattauna wannan da likitanki tun farko. Idan wani nau'in ne, akan cire shi ta hanci ba tare da an buɗe kai ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne jinkiri. Jijiyar da aka danne tana farfaɗowa idan an ɗage mata nauyi da wuri, amma wadda ta mutu ba ta sake tsirowa. Ki ci gaba da addu'a da azkar ɗinki, amma kada a ɗiga miki komai a ido, kada kuma wata guda ya ƙara wucewa. Kafin nan ki bar tuƙi, ki riƙa juya kai sosai kafin ki tsallaka titi. Idan kuwa ciwon kai mai tsanani ya sauko miki farat ɗaya da amai, ko gani ya faɗi, ko kina ganin abu biyu-biyu, ko fatar ido ta sauko ta ƙi ɗaguwa, to ko tsakar dare ne a wuce da ke sashen gaggawa.