Kafin ka ɗora wa injin nan ƙarfen dalma

Jiya muna rufe shago ka ce mini, "Maigida, injin gem ɗin da mutumin Mabera ya kawo, in abokan gaba suka taru sai yaron da ke cikin wasan ya riƙa ƙiftawa, yana ɓacewa yana dawowa. In cire aisin hoto in sa wani?" Na ce ka ajiye ƙarfen dalma sai gari ya waye. To ga amsarka, ɗana, na rubuta maka don ka riƙa komawa kanta.

Kada ka cire komai, balle aisin hoto, wato ɗan guntun lantarki mai ƙafafu da ke zana hoton wasan. Ƙiftawar nan da ita aka haifi injin.

Wanga inji sunansa Famicom. Kamfanin Nintendo ya fitar da shi a Japan a 1983, a 1985 kuma ya shiga Amurka da sunan NES. Na hannunmu shi ne samfurin 1993, mai wayar hoto da ta sauti. Kaset ɗin da ke cikinsa The Goonies ne, wanda Konami ta yi a 1986 daga fim ɗin Amurka na 1985. Ka ga yadda wasan yake: yaro Mikey yana shura ɓera ya samu bam, ya dasa bam a bakin ƙofa, ya sami makulli ko ya kuɓutar da abokinsa da aka kulle. Fim mai kusan awa biyu aka matse a cikin injin da ƙwaƙwalwar aikinsa kilobayit 2 ce kacal. Hoto guda a wayarka ya ninka wannan sau ɗaruruwa.

Yanzu ka natsu, nan ne kan maganar. Injin yana zana hoto layi-layi daga sama zuwa ƙasa, ɗigo 256 a kwance, layi 240. Duk abin da ke motsi, yaro ne ko ɓera ko bam, an haɗa shi da 'yan ƙananan hotuna masu faɗin ɗigo 8. Aisin hoto yana riƙe 64 daga cikinsu a allo, amma a kan layi ɗaya ba ya iya nuna fiye da 8. Na tara ba ya fitowa sam. Yaron kaɗai yana cin gurbi biyu a faɗi. Ka ƙara masa abokan gaba uku ko huɗu a kan dakali ɗaya, ka ga gurbi ya ƙare. Sai masu rubuta wasannin injin suka yi dabara irin ta uwa mai 'ya'ya da yawa da cokali kaɗan: wanga ya fito yanzu, wancan ya fito a hoto na gaba, ana juyawa kusan sau 60 a daƙiƙa. Abin da idonka ke gani kamar ƙiftawa ke nan. Ni dai ina girmama mutanen da suka yi wannan tunani, don da sun bari ɓera ya ɓace ɗungurum, da ya kashe ka ba ka gan shi ba.

Gwajin ba wuya. Ka kai yaron inda ba kowa. In hoton ya tsaya cak, aisi lafiya lau yake.

Cuta ta gaskiya daban take. In ka ga bango ya rikiɗe ya koma haruffa da gutsattsarin hotuna, ko layuka a tsaye sun tsaga allo, ko allon ya tsaya da launi ɗaya, fara da haƙoran kaset. Na Famicom 60 ne, na NES 72, shi ya sa ɗaya ba ya shiga ramin ɗaya. Ƙurar hunturu ta Sakkwato ba ta raga wa waɗannan haƙora. Ka ɗaga na mutumin nan a hasken ƙofa, za ka ga huɗu na gefen hagu sun yi baƙi-baƙi da ɗan kore. Aikin hurawa da baki ne. Kowa ya yi shi yana yaro, amma danshin numfashi ke cin tagulla a hankali. Ka jiƙa auduga da sufirit kaɗan, ka goge har sai auduga ta fito fara, ka bari ya bushe. Kada yashin goge ƙarfe ya kusance su.

Sai wuta, kuma a nan nake so ka ji tsoro. Adaftar asali ta wutar Japan ce, bolt 100, tamu kuwa 230. Injin yana son wutar DC bolt 10, kuma tsakiyar filoginsa nagatib ne, saɓanin yawancin adaftocin da ke tsohuwar kasuwa. Ta NES kuwa AC take bayarwa, in ka soka ta a Famicom ka jawo asara. Ka ɗora mita a ƙafar fitar wuta ta 7805, wato ɗan aisin da ke daidaita wuta a cikin injin, ka tabbata bolt 5 take nunawa. In kuma hoto ya fito fari da baƙi a tsohon talabijin ɗinmu na bayan kanta, ba wani abu ba ne, tsarin launinsu ne ya saɓa: na injin NTSC ne, na talabijin ɗin PAL.

Ina yi maka wagga doguwar magana ne don ni na taɓa yi. Ina kamar shekarunka wani dattijo ya kawo mini injin ɗansa mai irin wagga ƙiftawa. Na narke ƙafafu 40 na aisin ɗaya bayan ɗaya, zafi ya ɗaga hanyoyin tagulla daga allon, injin bai sake tashi ba. Yaron yana tsaye yana kallon hannuna. Na biya kuɗin, amma har yau ban manta fuskarsa ba.

Mai injin zai zo bayan la'asar. Ka zaunar da shi a benci, ka kunna masa wasan, ka nuna masa ƙiftawar da inda take tsayawa, ka bayyana masa da bakinka. Kuɗin wanke haƙora kawai za ka karɓa. Ka kuma ce masa ya samo leda ko ƙyalle ya riƙa rufe ramin kaset in ya gama wasa.