Amsa Kan Yinin Zamiya a Tafkin Louise

Ɗan'uwa, ka tambaya ko yini ɗaya zai ishe ku, kai da abokanka da ke karatu a Kalgari, ku yi zamiya a kan ƙanƙarar Tafkin Louise idan ya daskare, kuma ku hau amalanken nan marar taya da dawakai suke ja. Zai isa, in dai kun yi sammako, domin Tafkin Louise da ke gandun Banff a lardin Albata na Kanada yana da nisan kusan kilomita 180 daga Kalgari, tafiyar awa biyu ke nan idan hanya ta yi kyau.

A ganina ku fara da zamiya da hantsi, lokacin da ƙafa ba ta gaji ba. Ana bayar da hayar takalman zamiya a wurin, kuma wanda bai taɓa yi ba ya ɗaure igiyar takalminsa tamau a idon sawu, ya ɗan durƙusa, ya tsaya cikin filin da aka share, kada ya nufi tsakiyar tafkin inda ba a duba kaurin ƙanƙarar ba.

Hawan amalanken ku bar shi sai bayan azahar, amma ku kama gurbi tun kafin ranar. Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne, a nan ne sanyi ya fi cin mutum, saboda zaune kake ba motsi, ko da an lulluɓe ku da bargo. Ku sa tufafi hawa uku da safar hannu, ku riƙe shayi a filas, kuma ku tuna cewa a watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 5 na yamma.