Kwalbar da ba a surka ba: yadda ake zuba burbon mai ƙarfin ganga da yadda ake ɗanɗana shi

Ka tambaye ni, ɗana, me ya sa sabuwar kwalbar nan take ɗauke da barasa kashi 62 cikin 100 alhali sauran wiskin da ke kan kanta 40 ne ko 43, kuma me ya sa baƙon da ka zuba wa ma'auni biyu ya kurɓa sau ɗaya ya hau tari, ya ture kofin, ya ce wuta ka ba shi. Kwalbar lafiyarta ƙalau. Zubin ne bai dace da ita ba, don ka zuba ta kamar yadda ake zuba waɗancan, ita kuwa ba irinsu ba ce.

Kusan duk wiskin da ka saba gani, sai da kamfani ya ƙara masa ruwa kafin a ɗura shi a kwalba. Yana fitowa daga ganga da ƙarfi, a surka shi ya sauko zuwa 40 ko 45, sannan a rufe. Wannan kuwa yadda ya fito haka aka ɗura shi, shi ya sa za ka ga an rubuta cask strength ko barrel proof, wato ƙarfin ganga, a jikin takardar. Kamar kaurin shayi ne da mai shayi bai kai ga tsinka shi da ruwan zafi ba. Aikin surkawar an bar wa mai sha, kuma tunda yawancin baƙi ba su san haka ba, ya zama aikinka kai da ke bayan kanta.

Wannan kwalbar burbon ce, wani nau'in wiski, kuma dokar Amurka ce ta tsara abin da za a kira burbon. Dole a yi shi a Amurka, kuma mafi yawansa daga jihar Kentucky yake fitowa. Aƙalla kashi 51 cikin 100 na hatsin ya zama masara, sauran kuwa sha'ir ne da hatsin rai ko alkama. Wajen dafa shi a tace, ba a barin ƙarfin barasarsa ya wuce kashi 80, ba a zuba shi a ganga yana sama da 62.5, ba a sayar da shi ƙasa da 40. Gangar dole ta zama sabuwa, ta itacen oak, wadda aka babbake cikinta da wuta, kuma ba a yarda a ƙara masa launi ko wani abin ƙamshi ba. Saboda haka jan nan da kake gani a kofi duk daga itace ya fito. Amurkawa suna rubuta ƙarfi da ma'aunin furuf, wanda yake ninki biyu na kaso cikin 100: in ka ga 124 a takarda, raba shi biyu, 62 ke nan.

Za ka ce to in doka ta tsaya a 62.5, yaya ake samun kwalba mai 65 ko 68? Sito ne ke yin wannan. Gangar tana cin lita kusan 200, ana jera su a dogayen gine-gine masu hawa da yawa, yawancinsu ba a sanyaya su ba a kuma ɗumama su. Da zafi ruwan yakan kumbura ya shige cikin itace, da sanyi ya dawo da abin da ya kwaso. A hawa na sama, inda zafi ya fi yawa iska kuma ta bushe, ruwa ya fi barasa saurin ficewa ta jikin itacen, sai ƙarfin ya riƙa hawa shekara bayan shekara. A hawa na ƙasa, inda ake da sanyi da laima, ƙarfin yakan tsaya ko ma ya ragu. A Scotland, saboda laimar ƙasar, raguwa yake yi. Wannan ne dalilin da ya sa kwalba biyu masu suna ɗaya za su zo maka da lamba daban, kuma dalilin da ya sa dole ka karanta takardar kowace sabuwar kwalba kafin ka fasa ta.

Shi kuwa small batch da aka rubuta a ƙasa, kada ya ruɗe ka. Ma'anarsa an zaɓi ganguna kaɗan an haɗa, amma doka ba ta faɗi nawa ne kaɗan ɗin ba. Wani kamfani goma yake nufi, wani ɗaruruwa. Booker Noe, jikan Jim Beam wanda ake kiran wani gidan burbon da sunansa, shi ya yayata salon lokacin da ya fitar da Booker's a 1988, ba surki ba tacewar sanyi, wato sanyaya wiski a tace maiƙonsa. Abin da zai amfane ka a takarda shi ne lambar haɗin da shekarun. A burbon da ake kira Elijah Craig Barrel Proof, misali, B523 na nufin fitowa ta biyu a shekarar, watan 5, 2023. In baƙo ya ce wadda ya sha bara ta fi wannan daɗi, ba ƙarya yake yi ba, haɗin ne daban.

Yanzu zubi. Mililita 30 ya isa, ga wanda bai taɓa sha ba ma 20. Ka samo kofi mai faɗin ciki da tsukakken baki, irin Glencairn, ka tabbata babu warin sabulu ko na tsumma a cikinsa. Shinshina kofin tun yana wayam. In baƙon ya ce ƙamshin yana caka masa hanci, canza masa zuwa tambulan mai faɗin baki, don tsukakken baki yana tara tururin barasa wuri ɗaya. Ka ajiye kofin ya huta minti biyar zuwa goma. Kada ka kaɗa shi da ƙarfi yadda ake kaɗa ruwan inabi, hakan tayar da barasar yake yi ta danne komai. Karkata shi kawai a hankali ya shafi jikin gilashin. Kusa da shi ka ajiye ƙaramar buta ta ruwa da cokalin shayi, da kuma wani kofin ruwan sha daban.

Hanci ne ke yin yawancin aikin, kuma a nan aka fi yin ɓarna. Wanda ya cusa hanci cikin kofi ya ja numfashi da ƙarfi, ya kashe hancinsa na 'yan mintuna, bayan haka ba abin da zai ji sai yaji. Ka fara daga nesa, kofin yana daidai haɓarka, ka ɗan buɗe baki, ka riƙa jan iska kaɗan-kaɗan, kana matso da shi. Da farko zaƙi za ka ji: banila da ƙonannen sukari. Dukansu aikin wutar da aka babbake gangar ne, zafin yana farfasa sinadaran itacen ya mai da wasu sukari wasu banila. Babbakar tana da mataki, mai lamba 4 kusan daƙiƙa 55 ake yi, har cikin gangar ya tsattsage ya yi baƙi ƙirin. Bayan zaƙin sai kirfa da kanumfari da masoro su biyo, musamman in hatsin rai ya yi yawa a haɗin. Wanda aka sa wa alkama a madadinsa, kamar Maker's Mark, ya fi laushi, ya fi karkata ga burodi da zuma. Wani lokaci za ka ji kwakwa, wannan daga farin oak na Amurka ne. A na gidan Jim Beam mutane da yawa suna jin soyayyar gyaɗa. Wanda ya daɗe a ganga yakan kawo dabino, jemammiyar fata da ganyen taba. In hancinka ya gaji, shinshina hannun rigarka ka ɗan dakata, zai dawo.

Af, kada ka ɗauka sai ka sha kafin ka iya aikin nan. Masu haɗa wiski a kamfanoni da hanci suke yin yawancin gwajinsu, sukan surka samfur ya sauko zuwa kusan kashi 20 su shinshina, wanda suka sa a baki kuma su tofar.

Kurɓar farko ba ta ɗanɗano ba ce, ta sabar wa baki ce. Ka gaya wa baƙo ya ɗauki abin da zai jiƙa harshe kawai, ya riƙe shi daƙiƙa kaɗan yawu ya gauraya da shi, ya haɗiye, ya fitar da numfashi ta hanci bakinsa a rufe. Wanda ya ja iska ta baki nan take bayan haɗiya shi ne ke tari, don tururin ya faɗa masa maƙogwaro. A kurɓa ta biyu ne zai juya shi ko'ina cikin baki kamar mai tauna. Abu uku ake dubawa: kauri, wato yadda yake shafe harshe kamar mai; ko abin da hanci ya ji ya bayyana a baki; da kuma tsawon lokacin da ɗanɗanon ke zama bayan an haɗiye. Mai kyau ɗumi yake saukarwa a ƙirji a hankali. Wanda bai nuna ba kuwa ƙuna ce kawai a kan harshe, ba abin da ke biyo bayanta.

Sai ruwa, wanda shi ne ainihin amsar tambayarka. A fara da ɗigo uku ko huɗu, a juya kofin, a jira minti ɗaya, a sake shinshinawa. Za ka ga wasu zare-zare suna murɗawa cikin kofin yayin da ruwan ke gauraya, kuma ƙamshin da ƙarfin ya danne zai taso. In kana so ka kai shi wani ƙarfi takamaimai, ga lissafin: ninka abin da ka zuba da ƙarfin kwalbar, raba da ƙarfin da kake nema, cire abin da ka zuba. Mililita 30 sau 62 ya ba da 1,860. Raba da 50, ka sami 37.2, cire 30, saura 7.2, wato kusan cokalin shayi ɗaya da rabi. In 46 kake nema, ruwa mililita 10 da ɗoriya ne, cokali biyu. In 40 ne, 16.5. A ganina yawancin irin waɗannan kwalabe tsakanin 50 da 55 suka fi buɗewa, ƙasa da 45 kuma sai kaurin ya tafi, bauri na itace ya fito fili, baƙo ya biya kuɗin mai tsada ya sha abin da bai fi na kullum ba. Amma bakin kowa daban ne, shi ya sa butar take gaban baƙo, kai kuma ba ka zuba masa sai ya ce.

Irin ruwan ma abin lura ne. Na famfo mai warin kilorin yana ɓata kofin gaba ɗaya, na leda da ya sha rana yana kawo warin roba, mai gas kuma ba wurinsa ba ne. Ruwan gora marar ɗanɗano, wanda ba daga firji aka ciro shi ba, shi ake so.

Wata rana za ka ƙara ruwa ko ƙanƙara ka ga kofin ya yi hazo-hazo, baƙo ya ɗaga murya ya ce jabu ne. Ba jabu ba ne. Kwalabe masu ƙaramin ƙarfi ana sanyaya su a tace wasu maiƙo don kada su yi hazo. Yawancin masu ƙarfin ganga ba a yi musu haka, maiƙon yana narke muddin ƙarfin na sama da kusan 46, da ya sauko ko ya yi sanyi sai ya bayyana. Shi ne ma ke ba da kaurin nan. Haka baƙin ɓurɓushi a gindin kwalba, gawayin ganga ne. Abin da ya kamata ya tsayar da kai daban ne: hatimin da aka taɓa, marfi mai sako-sako, warin kwalin da ya jiƙe wanda ke nuna toshiyar ta lalace, ko wari mai kaifi irin na ruwan goge fentin farce da bai lafa ba ko bayan an ba shi hutu da ruwa. Irin wannan kwalbar ka janye ta ka kai wa manaja, kada ka gwada ta a bakin kowa, domin barasar jabu tana makantarwa tana kuma kisa.

Ƙanƙara fa? Masu tsattsauran ra'ayi a harkar suna ƙin ta, don sanyi yana rufe ƙamshi. Suna da gaskiya a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 20 ba. A wurinmu, cikin watan Maris ko Afrilu, kwalbar da ta wuni a kanta tana iya haura digiri 30, kuma a wannan zafin tururin barasa ne ya fi tashi. Dunƙulen ƙanƙara babba guda ɗaya ya fi ƙanana biyar, don a hankali yake narkewa. Mai son ƙamshin sosai, sa masa ƙanƙarar minti ɗaya ka tsame ta da cokali. Abin ci mai yaji, tsire ko farfesu, a bar shi sai bayan ɗanɗano; barkono da barasa mai ƙarfi wuri ɗaya suke ƙonawa a harshe. Gyaɗa marar gishiri da yawa ko busasshen biskit sun wadatar.

Ka kuma riƙa lissafin abin da baƙo ya sha da ƙarfin kwalba, ba da yawan kofi ba. Ma'auni biyun da ka zuba, mililita 60 a kashi 62, zallar barasa mililita 37 ce da ɗoriya. Ya fi ma'auni uku na wiski mai 40, ya kuma fi babbar kwalbar giya ta mililita 600 mai kashi 5. Mutum zai ce kofi biyu kacal ya sha, jikinsa kuwa ya karɓi na kofi uku. Kada ka ba wanda cikinsa babu abinci, kada ka jera masa zubi a kan zubi, wanda zai tuƙa mota kuma ka gaya masa gaskiya tun kafin ka zuba.

Ajiyar ba wuya. A tsaye ake ajiye ta kullum, don barasa mai wannan ƙarfi tana cin toshiyar in aka kwantar da kwalbar. Nesa da taga, nesa da fitilun kanta masu zafi, nesa da ashana da laita, saboda tana kama wuta cikin sauƙi. Wiski ba ya ƙara nuna a kwalba, shekarun da ya yi a ganga su ne shekarunsa. Da zarar abin da ya rage ya sauko ƙasa da kashi ɗaya cikin uku, iskar da ke ciki takan fara rage masa ƙamshi, don haka ko dai ka juye shi a ƙaramar kwalbar gilashi mai tsabta ka rubuta suna da ƙarfi da lambar haɗin a jiki, ko ka matso da ita gaban kanta ta ƙare cikin 'yan watanni.