Kafin ka sauke yashi, ka gama gardama a kan takarda

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Kano, ina sayar da kayan masarufi. Ina da fuloti a bakin titi, tsawonsa ƙafa 100, faɗinsa ƙafa 50, ina so in gina shaguna a ƙasa da sito a sama. Mai zanen gini ya ce aikin zai ɗauki makonni, kuma zai yi ta kawo mini zane muna gyarawa. Birkilana kuwa ya ce in karɓo zanen wata filaza da aka riga aka gina mu kwafa. Kuɗin mai zane ba asara ba ne?

Amsa: Alhaji, ba asara ba ne, muddin ka san abin da kake saye. Takardar ita ce ƙarshen aikin. Abin da kake biya shi ne kai-komon da ake yi kafin a kai gare ta, kuma wannan kai-komon da ya dame ka shi ne sana'ar.

Da bakinka ake farawa. Ka zauna da mai zanen ka faɗi nawa ka ware, wane irin ɗan haya kake nema, nawa ake biyan shago a layin a shekara, da me za a jibge a sama. Kada ka ɓoye masa jarinka don gudun ya ƙara farashi. Wanda ya ɓoye yakan tashi da zanen da ya fi ƙarfin aljihunsa, ginin ya tsaya a linta.

Daga nan ya je filin da takardar safiyo a hannu, ya ga inda ruwa ke gangarawa, tsayin titi da kwata, da inda rana ke faɗuwa. Daɓen shago in bai ɗara titi ba, ranar da aka sake zuba kwalta ruwan damina cikin kayanka zai kwana. Shagon da ke kallon yamma kuma yana buƙatar baranda mai zurfi saboda ranar la'asar. Zanen da aka kwafo bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, don an yi shi ne wa wani filin.

Sai zanen farko, wanda ba a yi shi don ya burge ka ba, an yi shi ne don ku yi musu. A ce gefen ƙafa 100 ne ke kallon titi, wato kusan mita 30. In aka cire tazarar gefe da wurin matakala, a ce mita 23 ta rage. Da bulo inci 9 a tsakani, za ka sami shago 7 masu faɗin mita 3, ko shago 6 masu mita 3.6. Wanne ya fi? Mai zane ba zai yanke maka ba, kai ka san kasuwa. Mai sayar da waya mita 3 ta ishe shi, mai shinkafa da taliya kuwa zai raina ta. Ka lissafa hayar kowane tsari a shekara, ka dubi shekara nawa ginin zai yi kafin ya maido kuɗinsa. Ka tambayi inda mota za ta tsaya a sauke kaya, da ban-ɗaki, da sokawe, da wurin janareta. Su aka fi mantawa da su, daga baya a cinye shago guda a yi su. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: matsar da bango a wannan mataki minti kaɗan ne, bayan an zuba dekin kuwa sai guduma.

Maganar siton ita ta fi ba ni tsoro. Dekin ɗakin kwana ana lissafa masa nauyin kilo 150 zuwa 200 a kowace murabba'in mita. Buhun shinkafa kilo 50 ne, biyu suna cika murabba'in mita, in ka jera goma-goma sama ka ɗora kilo 1,000 ke nan. Idan filazar da za ku kwafa ofisoshi ne a samanta, rodinta da ginshiƙanta ba na kayanka ba ne. Saboda haka zanen zai tafi wurin injiniyan gini, shi zai fitar da kaurin dekin, girman rodi, tazarar ginshiƙai da zurfin harsashi, bayan an gwada ƙasar wurin. Yana iya cewa a ƙara ginshiƙi daidai inda aka sa ƙofa, zanen ya koma baya. Mai ƙididdigar kayan gini ya fitar da adadin siminti da rodi da bulo, in kuɗin ya zarce abin da ka ware, zanen ya sake komawa baya. Ba rashin iyawa ba ne, haka aikin yake tafiya. A nan ne ma za ka iya cewa a gina ƙasa bana, sama baɗi, amma a zuba harsashin da zai ɗauki benen tun yanzu.

Idan kun daidaita, sai a haɗa zanen gini da na injiniya da na wuta da ruwa, a kai KNUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kano, tare da takardun fili, a jira amincewa kafin a haƙa rami. Ka tabbata mai zanen yana da rajistar ARCON, hukumar rajistar masu zanen gini ta ƙasa, injiniyan kuma ta COREN, hukumar injiniyoyi, su buga hatiminsu.

Wajen biya, kada ka ba da kuɗin a dunƙule. Ku rubuta yarjejeniya: kaso ɗaya bayan zanen farko, kaso ɗaya bayan cikakken zane, ragowar bayan amincewar hukuma. A rubuta sau nawa za a yi gyara ba tare da ƙarin kuɗi ba, da sau nawa za su zo duba aiki, musamman ranar da aka gama ɗaure rodi kafin a zuba kankare, don bayan an zuba ba mai sake ganin abin da ke ciki. Ka ware kashi 10 cikin 100 na kuɗin ginin don abin da ba a zata ba. Birkilanka kuma ka kira shi zama na biyu ya ga zanen ya faɗi nasa, amma bayan ka sa hannu kada ya canja ko taga ɗaya sai da sanin mai zane a rubuce.